Tsohuwar motar tsere mai rimot: a mayar da ita yadda ta fito, a sabunta cikinta, ko a sayi 'yar'uwarta sabuwa?

Wanda tsohuwar Tamiya Hornet ko Grasshopper ko RC10 ta faɗo hannunsa, ko ta gado ko ta hanyar ciniki, yakan fara da ɗokin sa mata batir ya ga ko za ta motsa. Dakata tukuna. Motar nan ta kai shekara arba'in ko ta kusa, kuma abin da ka yi mata a makon farko shi zai yanke ko za ta zama abin ajiya mai daraja ko abin tuƙi mai daɗi. Taura biyu ba ta taunuwa. Mafi yawan kuɗin da ake asara a wannan harka daga wurin mutanen da suka nemi duka biyun a jikin mota ɗaya yake fita.

Ana maganar ƙananan motocin rimot da ake sayarwa a warwatse cikin kwali, mai su ya haɗa da hannunsa, kowane ɓangare yana kwancewa da noti. Kamfanin Tamiya na Shizuoka a Japan ya shiga harkar a 1976 da Porsche 934, ya fitar da Sand Scorcher a 1979, Frog a 1983, Grasshopper da Hornet a 1984, Hotshot a 1985. Kyosho ya kawo Scorpion a 1982 da Optima a 1985. A Amurka kuwa Team Associated ya fitar da RC10 a 1984, wadda Jay Halsey ya ci gasar duniya da ita a Del Mar ta jihar Kalifoniya a 1985. Idan taka irin ta kantin kayan wasan yara ce, kamar su Nikko da Tyco da ake tsinta a gwanjo, wadda aka haɗe duk lantarkinta a allo ɗaya, to lissafinta daban ne, domin kayan gyaranta sai dai ka samo wata irinta ka cire.

Ma'aunan da za a duba

Abu na farko shi ne kuɗi, kuma a wannan harka kuɗin aikowa sau da yawa yakan kai kuɗin kayan ko ya wuce. Ƙaramar giyar roba ta 'yan daloli idan ta taso daga Japan ko Ingila ita kaɗai, sai ta iso maka da farashin da zai sa ka dafe kai.

Na biyu ƙarko. Roba tana tsufa ko da ba a taɓa ta ba. Rana da zafi da shekaru suna busar da ita, sai ta daina lanƙwasa ta koma karyewa. Wurin da za ka fara dubawa shi ne kewayen ramukan noti: haska fitilar waya, za ka ga siraran tsagu kamar gashi sun fita daga bakin ramin. Duk inda ka ga haka, ɓangaren ya gama aikin gudu, sai dai ado.

Na uku sauƙin aiki, wato samun kaya da kuma ƙwarewar da ake bukata. Na huɗu haɗari, ga motar da kuma ga gidanka, don akwai batun batir mai kama wuta. Na biyar darajarta idan wata rana ka so sayarwa. Wannan na ƙarshe mutane kan ce bai dame su ba, sai sun huda ƙarfen ƙasan motar sannan su ji nawa masu tarawa ke biya a kan wanda ba a huda ba.

Hanya ta ɗaya: asali tsantsa

Nan manufar ita ce motar ta koma kamar ranar da aka fara haɗa ta, da kayan zamaninta kaɗai: taya, sitika, inji, rimot mai dogon eriya, har da kwali da littafin haɗawa idan an dace. Ana farautar kayan da suka kwana a shaguna ba a buɗe ba, a eBay ko a kasuwar gwanjon Yahoo ta Japan, wadda sai ta hannun kamfanonin dillanci irin su Buyee baƙo ke iya saye.

Ita ce mafi tsada, kuma ba a iya yi mata kasafi tun farko, domin farashin yana hannun wanda ke riƙe da abin da kake nema. Takardar sitika ta asali da ba a yanka ba tana iya fin wasu sababbin motocin kuɗi. Dalili kuwa, yawancin sitikun da ke cikin sabon fitowa, wato samfuran da kamfanonin suka sake fitarwa daga baya, an sauya su: sunayen kamfanonin mai da na kayan mota na gaskiya da ke jikin na da, an maye su da wasu saboda batun lasisi. Mai ido yana hango bambancin daga nesa.

Aikin hannun ma yana son haƙuri. Wanka da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori ya isa yawancin sassan. Fenti shi ne tarko. Bodin Grasshopper da na Sand Scorcher roba ce mai tauri da ake fentawa ta waje, bodin Hornet da na Frog kuwa siririyar roba ce garai-garai da ake fentawa ta ciki, kuma kowace da irin fentinta: gwangwanin Tamiya mai alamar TS na mai tauri ne, mai alamar PS na garai-garai. Ka sa TS a kan garai-garai, fentin zai ɓare da karon farko. Wajen cire tsohon fenti wasu na jiƙa bodi a man birki, yana kuma aiki, amma yana iya ƙara wa tsohuwar roba gautsi, don haka a gwada a ɗan lungu. Tina kuwa kada ta kusanci motar, narkar da robar take yi. Mai RC10 ya kiyayi maganin wanke murhu mai soda, yana cinye ruwan zinaren da ke jikin farantin alminiyam ɗin, wanda shi ne alamar motar.

Babban abin da ya sa wannan hanya ba ta tuƙi ba ce shi ne tsohon totur. A wancan zamani gudu ba lantarki ke sarrafa shi ba. Wani ɗan hannu ne na ƙarfe da ƙaramin inji ke gogawa a kan faranti mai matakai uku, wutar da ta yi yawa kuma a tura ta cikin wani farin resista na tangaran ya ƙone ta ta zama zafi. Resistan nan yana zafin da zai tashi fatar yatsa. Abin da ya fi wannan muni, idan batir ya yi sanyi a motar da risibarta, wato na'urar da ke karɓar saƙon rimot, ke shan wuta daga babban batir, ɗan hannun yakan tsaya a inda yake. In a kan cikakken gudu ya tsaya, motar za ta miƙe ta bar ka riƙe da rimot, sai bango ko kwata ta tare ta. Ga rimot ɗin kansa mai 27MHz, wanda ke da tashoshi shida da ake bambantawa da launin kiristal, ɗan abin da ake sokawa a rimot da risiba don zaɓen tasha, duk wanda ke kusa a kan launi ɗaya da kai zai ƙwace maka sitiyari.

Tsohon batir na NiCd mai 7.2V da ya zo da motar kada ka yi masa caji. Idan ka ga farin gari a bakinsa ya yi yoyo, kuma sinadarin da ke ciki guba ne. A goge shi a ajiye shi gefe don kallo.

A taƙaice, mota ce ta kanta. Darajarta ita ce mafi girma, ƙarkonta a ƙasa kuma shi ne mafi ƙanƙanta.

Hanya ta biyu: sura ta da, ciki na yau

Wannan ita ce na fi yarda da ita ga yawancin mutane, kuma a nan zan daɗe.

Abin da ya buɗe wannan ƙofa shi ne sake fitar da tsofaffin samfura da kamfanonin suka yi. Tamiya ya dawo da Hornet a 2004, Grasshopper da Frog a 2005, Hotshot a 2007, Sand Scorcher a 2010, Avante a 2011. RC10 ta dawo a 2013, Scorpion a 2014, Optima a 2016. Ma'anar wannan ga mai gyara ita ce hannuwan taya, giyoyi, tayoyi da bodi sababbi fil, da robar da ba ta tsufa ba, suna samuwa a farashin kayan gyara na yau da kullum, kuma mafi yawansu suna shiga tsohuwar motar kai tsaye. Sai ka cire na asalin da ke da rauni ka zuba a leda ka rubuta suna, ka ɗaura sababbi. Ranar da ka so mayar da ita asali, kayan suna nan.

Ba komai ne ke shiga ba. Frog ta asali tana juya tayoyin baya da sanduna masu kai kusurwa shida, waɗanda ke sulɓewa idan sun ci. Sabuwar ta zo da wani tsari daban, don haka in za ka sauya sai ka sauya duk jerin tare da kofunan da suke zama ciki. Kafin ka yi oda, ɗora littafin haɗawa na da kusa da na yanzu ka bi shafi-shafi. Minti talatin na wannan dubawa yana ceton kuɗin aikowa sau biyu.

Ga abubuwan da ake sauyawa, bisa muhimmanci. Totur na gogayya ya fita, a sa na lantarki, wanda ake kira ESC. Hobbywing QuicRun 1060 shi ne wanda kusan kowa ke sawa a irin waɗannan motoci, kuɗinsa bai wuce dala ashirin da ɗoriya ba, ruwa ba ya damunsa, yana kuma karɓar batir iri biyu ta hanyar matsar da ɗan maɓalli. Rimot ya koma na 2.4GHz, wanda ke ɗaure kansa da risibarsa kaɗai, babu kiristal babu dogon eriya. Sai boris. Tamiya yakan sa bushin na roba ko na tagulla a ƙafafu da giyabos. Maye su da boris, yawanci masu lamba 1150 da 850, shi ne gyara mafi araha da ake jin bambancinsa nan take, a gudu da kuma daɗewar batir. Ƙaramar giyar da ke kan bakin inji ma, idan ta alminiyam ce, a sa ta ƙarfe. In ka buɗe tsohon giyabos ka tarar da giris ya koma toka-toka yana ƙyalli, garin wannan giyar ne, kuma shi ke cin haƙoran giyoyin roba.

Inji kuwa a bar shi a kan na gargajiya mai burushi, wato Mabuchi 540 mai farin gwangwani. Hornet da shi ta zo. Grasshopper da ƙaninsa 380 ta zo, kuma akwai hikima a ciki: gatarin bayanta a sandare yake, ba ta da man shokozoba, tsalle take yi a kan kowane ɗan tudu. Ƙara mata ƙarfi yana ƙara mata birkicewa ne fiye da sauri.

Batir shi ne inda za ka zauna ka yi tunani. NiMH mai 7.2V yana da siffar tsohon batir, yana shiga ramin ba gardama, yana ɗaukar wuta ninki biyu zuwa huɗu na 1200mAh ɗin da, kuma yana yafe sakaci. LiPo mai gida biyu, 7.4V, ya fi sauƙin nauyi da ƙarfi, amma yana da sharuɗɗa: caja ta musamman mai daidaita gidajen, ESC mai yanke wuta kafin kowane gida ya sauka ƙasa da 3V, ajiya a kan 3.8V kowane gida, da kuma tsayawa a kansa lokacin caji. Wanda ya kumbura ya tashi daga aiki. Ga wanda ke zaune inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40, barin LiPo cikin mota a rana ko ɗaki mai rufin kwano ba abin wasa ba ne. Ƙari a kan haka, da yawan masu sayarwa ba sa aika shi ƙetare saboda dokokin jiragen sama, kuma mai kusurwa huɗu ba ya shiga ramin yawancin tsofaffin Tamiya sai mai zagayayyen gefe. Ni a irin wannan mota NiMH zan ce a fara da shi.

Wani ɗan abu da ke ɓata wa mutane aiki tun ranar farko shi ne sukurudireba. Notunan motocin Japan ana yanka kansu bisa ma'aunin JIS, wanda ya yi kama da na kuros ɗin da muka saba amma ba ɗaya ba ne. Na kasuwa yana zamewa ya cinye kan noti. RC10 kuma da ma'aunin inci aka yi ta, makullan milimita ba za su zauna daidai ba. Sannan idan za ka mayar da noti cikin tsohuwar roba, juya shi baya a hankali har ka ji ya faɗa tsohon zarensa, sannan ka ɗaure, kuma ka tsaya da zarar ya kama. Ɗaurin ƙarfi shi ya haifar da yawancin tsagun da aka ambata a sama. Gam ɗin kulle noti kuma na ƙarfe da ƙarfe ne kawai, yana fasa roba.

Haɗarin da ya rage shi ne gangar jikin motar, wadda har yanzu tsohuwa ce. A tuƙa ta a fili mai laushi, nesa da gefen titi da ginshiƙai. A lokacin hunturu ƙura na shiga ko'ina, don haka giris a cikin rufaffen giyabos kawai. Wanda aka shafa a waje yana kama yashi ya zama abin gurza.

Hanya ta uku: a zuba mata ƙarfin zamani

Inji mara burushi, LiPo, shokozoba na alminiyam, manyan tayoyi na yau. Ana yi, kuma a bidiyo yana burgewa. Amma giyabos ɗin da aka tsara don injin 540 da batir mai rauni ba a tambaye shi ba. Na Frog sananne ne wajen buɗewa ta gefe idan ƙarfi ya yi yawa, giyoyin da ke raba juyi ga tayoyin baya su riƙa tsallake juna suna ƙara. Farar mahaɗar batir ta Tamiya tana narkewa, sai an koma mahaɗa irin XT60 ko Deans. Kana gyara wannan, na gaba da shi a rauni ya karye, haka za ka yi ta bi har ka wayi gari babu abin da ya rage na asali sai suna.

RC10 ce kaɗai a cikin waɗanda aka lissafa zan ce tana ɗaukar wannan, don tun farko don gasa aka ƙera ta, farantinta alminiyam ne, hannuwanta nailan. Ko ita ma, a sa inji mara ƙarfi sosai, irin mai lamba 17.5T ko 21.5T, kuma a sani cewa ɗora mata giyabos ɗin Stealth da ya fito daga baya a kan farantin farko yana bukatar huji. Ramin da aka huda ba ya toshuwa a idon mai saye.

Hanya ta huɗu: a bar tsohuwar ta huta, a sayi sabon fitowa

Mutane kan ɗauki wannan kamar sarewa, alhali sau da yawa shi ne lissafin da ya fi fita. Idan motarka na bukatar bodi, tayoyi huɗu, giyoyi, sitika da ESC, tara kuɗinsu ɗaya-ɗaya da na aikowa, sannan ka duba farashin cikakken kwali. Grasshopper da Hornet suna cikin mafi araha a jerin Tamiya, dala ɗari da wani abu. Avante da Sand Scorcher da Optima sun ninka haka sau da dama. Rimot, batir, caja da ƙaramin injin sitiyari daban ake saye. Ka samu daɗin haɗa mota daga farko, ka samu roba mai jure karo, an kuma gyara wasu kurakuran da. Optima ta 2016 ta zo da sarƙa irin ta asali da kuma bel, ka zaɓi wanda kake so. Hotshot ta 2007 har yanzu tana ɗauke da ƙarafan sanyaya resista a bayanta, duk da babu resistan, don kawai sura ta cika.

Abin da ba ta da shi shi ne tarihi. Kuma wasu samfuran ana fitar da su ne na ɗan lokaci, in sun ƙare farashi ya hau.

| Ma'auni | Asali tsantsa | Sura ta da, ciki na yau | Ƙarfin zamani | Sabon fitowa |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Mafi yawa, ba iyaka | Matsakaici | Yana ta ƙaruwa | Sananne tun farko |
| Ƙarko a tuƙi | Kaɗan ƙwarai | Da dama, in an lallaɓa | Rauni, ban da RC10 | Mafi kyau |
| Samun kaya | Farauta ta watanni | Sauƙi, in an sake fitar da samfurin | Sauƙi, amma sai da dabara | Duk a kwali ɗaya |
| Haɗari | Totur ya maƙale, roba ta fashe | Gangar jiki ta tsage | Giya, huji, wutar LiPo | Kaɗan |
| Daraja a kasuwa | Mafi girma | Tana nan in an adana na asali | Tana faɗuwa | Ta sabuwar mota |

Wa ya dace da wacce

Idan motar ta zo da kwalinta da littafinta, sitikunta na asali, ba a huda ta ba, ko kuma samfuri ce da ba a sake fitarwa ba, hanya ta ɗaya ce taka. Wanke ta, ɗora ta a kan ɗan katako yadda tayoyin ba za su taɓa ƙasa su baje ba, ka nisanta ta da taga. In hannunka na ƙaiƙayin tuƙi, haɗa da hanya ta huɗu.

Idan an riga an ci moriyarta, ƙasanta duk karce, bodinta an sha fentawa, kuma abin da kake so shi ne ka ga motar mahaifinka ko ta yayanka tana tada ƙura kamar da, ɗauki hanya ta biyu. Fara da ESC, rimot da boris, ka tuƙa ta a hankali, sannan ka tara sauran abin da ta nema ka yi oda sau ɗaya.

Mai son ya ba yaro ya koya, kada ya ba shi tsohuwar ko kaɗan. Sabuwar Grasshopper da injinta na 380 da batir NiMH ta ishe shi, ku zauna ku haɗa ta tare.

Mai neman gudu zalla kuma, kuɗin da zai kashe a hanya ta uku zai saya masa motar tsere ta wannan zamani da za ta wuce duk waɗannan ba tare da ta karye ba. In kuwa lallai sai tsohuwar sura yake so da sabon ƙarfi, ya nemi RC10 wadda wani ya riga ya huda farantinta, ya saye ta da araha ya yi aikinsa a kai.